Ko Kun San Inda Yake? Tambaya a Kaikaice Tsakanin Hausa da Ingilishi

Kakana bai taɓa taka ƙasar Sudan ba, amma sunan Makwar ya fi sunayen garuruwa da yawa na ƙasar Kano zama a bakinsa. Ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya bar gida da niyyar aikin hajji tun kafin Nijeriya ta sami mulkin kai. Ya bi hanyar da dubban mutane suka bi kafin shi: Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, Abeshe, Janaina, har ya ƙetare Farin Nilu. Wasiƙa biyu ya aiko cikin ajami. Ta biyun ta ce guzuri ya ƙare, ya tsaya cirar auduga a Makwar, in ya tara kuɗin jirgin ruwa zai ƙarasa. Daga nan sai shiru.

Ina yaro, duk lokacin da aka ce wani ya dawo daga gabas, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko tsohon da ya daɗe a hanya, kakana zai sa babbar rigarsa, ya riƙe hannuna, mu tafi yi masa barka da zuwa. Za a gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi hanya, a taɓa maganar damina. Sai an kusa sallama ne zai sunkuyar da kai ya ce, "Ban sani ba ko Allah ya sa kun biyo ta wajen Makwar, ko kun ji labarin mutanenmu da ke can." Ban taɓa jin ya ce "Ina ƙanena?" ba, balle ya ce "Yana da rai?" A lokacin abin haushi yake ba ni. Gani nake tsoho ya sha tafiyar ƙasa saboda tambaya ɗaya, ya zo kuma ya kasa yin ta. Har Allah ya yi masa rasuwa bai sami amsa ba.

Irin wannan tambaya tasa ita masu nahawu ke kira tambaya a kaikaice, wato tambayar da aka cusa cikin wata jimla maimakon a jefa ta kai tsaye. Na yi shekaru ina koyar da ita a aji, a Hausa da kuma Ingilishi, ina zana ƙa'idojinta a allo, kafin in gane aikin da take yi wa mutane. Abubuwa biyu suka ganar da ni, kuma dukkansu daga Makwar suka fito.

Ga wanda bai san wurin ba, Makwar ƙauye ne a bakin Shuɗin Nilu inda Turawan Ingila suka gina madatsar ruwa mai tsawon kusan kilomita 3, aka gama ta a 1925. Ita ce ake kira madatsar Sinnar a yau, kuma garin Sinnar na yanzu a nan ya bunƙasa. Ruwanta ne ke shayar da gonakin Jazira, ƙasar da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, inda ake noman auduga da dawa da gyaɗa da alkama a fili mai faɗin kimanin fadan miliyan 2. Tun kafin a gina madatsar mutanenmu sun riga sun sauka a yankin. Bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu a cikinsa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a kudu da Sinnar wajen shekarar 1906. Da aikin auduga ya kankama, sai maniyyata masu tafiyar ƙasa suka riƙa tsayawa neman guzuri, wasu shekara ɗaya, wasu har ƙarshen rayuwarsu. Larabawan Sudan suna kiran su Fallata, sunan da ya haɗe Hausawa da Fulani da Barebari. Wani masani, Bawa Yamba, ya rubuta littafi a kansu a 1995, ya nuna yadda jikokin waɗanda suka tsaya ɗin ke ɗaukar kansu har yanzu matafiya ne a kan hanyar Makka. Shi kuma Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya yi nazarin Hausar Sudan da yadda take cuɗanya da Larabci, aka buga littafin a 1999.

A 2018 wani aikin jami'a ya kai ni Khartum. Da na sami kwana uku na hutu sai na hau mota na nufi Sinnar, ɗauke da sunan ƙanen kakana da sunan ƙauyen da wasiƙarsa ta ambata. Ƙauyen yana gefen wata babbar hanyar ruwa, gidajen ƙasa, masallaci, 'yan rumfuna, da Hausa tsantsa a bakin tsofaffi, irin wadda na rabu da ji tun rasuwar kakata. Zumuɗi ya ɗebe ni. Na tsaya a rumfar wani tela da jaka a kafaɗa da littafi a hannu, na yi sallama a gaggauce, na ce, "Ina gidan wane? Yana nan? 'Ya'yansa nawa?"

Telan bai ɗaga kai daga kekensa ba. Ya ce, "Masu wannan suna suna da yawa." Na juya ga waɗanda ke zaune a benci, kowa ya ce shi ba ɗan unguwar ba ne. Cikin minti biyar na zama abin kallo. Daga baya na fahimci dalili. Mutanen da suka daɗe ana tuhumar asalinsu, ana neman takardar zama ɗan ƙasa a hannunsu alhali a nan aka haifi iyayensu, ba za su miƙa sunan maƙwabcinsu ga baƙo mai biro da littafi ba. Tambayoyina uku sun yi kama da na jami'in da ya zo ƙidaya.

Wata dattijuwa mai sayar da shayi ce ta yi mini rai. Ta ce, "Ɗan nan, daga ina?" Na ce daga Kano, Inna. Ta ce, "To, a Kanon haka ake shiga gari?" Ta haɗa ni da yaro ya kai ni wurin liman. A zauren liman na sha shayi, na sha gahawa, na faɗi sunana da na ubana da na kakana da sunan garinmu, aka yi hirar farashin gero a Dawanau da na dawa a Sinnar. Sai da aka yi sallar azahar sannan na ji bakina yana maimaita maganar da na raina ina yaro. Na ce, "Allah gafarta Malam, ban sani ba ko cikin dattawan garin nan akwai wanda ya taɓa jin labarin wani mutuminmu da ya zo nan cirar auduga."

Liman ya yi shiru, ya dube ni, ya ce, "Ai gidanku ka zo." Bai ƙara ba. Ya aika aka kira wani mutum mai kimanin shekara sittin, dogo, mai goshi irin na mahaifina sak. Bayan mun gaisa mun zauna ne liman ya ce tsohon ya riga mu gidan gaskiya da shekara goma sha ɗaya, ya sauke farali kafin rasuwarsa, ya dawo cikin iyalinsa, kuma wannan da ke gabana shi ne babban ɗansa. Ku lura da jerin da ya bi: ya fara ba ni mai rai, sannan ya ba ni labarin mamaci. Da na dage kan "Yana nan?", amsarta kalma ɗaya ce, kuma da ita za a fara. Tambayata ta biyu ta bar wa liman damar zaɓen abin da zai fara faɗa da lokacin da zai faɗe shi. Ranar na roƙi gafarar kakana a zuci.

Haka na sami baffa a Sudan, na kuma sami ƙane, autansa, yaro mai son karatu wanda ke koyon Ingilishi da ƙwazo. Muka riƙa gaisawa ta WhatsApp, yana aiko mini da jimlolinsa ina gyara masa. Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. A watan Disamba na shekarar dakarun RSF suka shiga Wad Madani, babban birnin Jazira. A Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a yawancin ƙasar. A ƙarshen Yuni faɗa ya kai Sinja, babban birnin jihar Sinnar, mutane suka bazu gabas cikin ruwan damina. Baffa ya sa iyalinsa a babbar mota, shi ya ce zai tsaya ya ga abin da za a yi da dabbobi, ya biyo su bayan kwana biyu. Iyalin suka isa Kasala. Shi bai iso ba, wayarsa kuma ba ta shiga.

Wata rana da asuba saƙon ƙanena ya shigo. Ya ce, "Yaya, ga abin da zan aika wa ƙungiyoyin agaji, duba mini." A ƙarƙashi ya rubuta: "Please do you know where is my father?" Ina jin kunyar faɗa, amma abin da idona ya fara gani shi ne kuskuren. Malamin da ke cikina ya riga ɗan'uwan farkawa. Na ajiye wayar na daɗe zaune. Daga baya na ga cewa gyaran ma taimako ne, tunda shi kaɗai nake da shi daga nisan da nake, kuma yaron shi ya nema. Muka zauna dare uku muna gyara wasiƙu. Abin da na koya masa a waɗannan darare shi zan shimfiɗa muku a nan.

Mu fara da Hausa, domin wanda ya san yadda harshensa ke aiki ya fi saurin gane na wani. Hausa tana da hanya biyu ta mayar da tambaya ta koma a kaikaice. Ta farko ita ce sauya kalmar tambayar: "ina" ta koma "inda", "wa" ta koma "wanda" ko "wadda", "me" ta koma "abin da", "yaushe" ta koma "lokacin da", "yaya" ta koma "yadda", "don me" ta koma "dalilin da ya sa". Da haka "Ina suka tafi?" take zama "Ban san inda suka tafi ba", "Wa ya gan shi?" take zama "Ko ka san wanda ya gan shi?" Hanya ta biyu ita ce a bar tambayar yadda take, a sa mata "ko" a gaba: "Ban san ko wa ya gan shi ba." A nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe wajen rubutu. "Ko wa" ta tambaya a rabe ake rubuta ta, "kowa" mai nufin dukkan mutane kuwa a haɗe. Haka bambancin yake tsakanin "ko ina" da "ko'ina". "Ban san ko ina ya kwana ba" tambaya ce a ɓoye, "Na duba ko'ina" kuwa bayani ne.

Akwai kuma abin lura game da lokaci. Tambaya mai kalmar tambaya tana jan shuɗaɗɗen lokaci na biyu: muna cewa "Sun tafi", amma "Ina suka tafi?" da "inda suka tafi". Haka "suna zaune" take komawa "inda suke zaune". Tambayar da amsarta i ce ko a'a ba ta yin wannan sauyi. "Sun tafi?" tana zama "Ban san ko sun tafi ba", ba a cewa "ko suka tafi". A duk waɗannan misalai jerin kalmomin bai motsa ba. Kalmar tambaya tana gaba, lamirin mai aiki yana bin ta, aikatau yana biye.

Ingilishi akasin haka yake yi. Yana barin kalmar tambayar yadda take, ya sauya jeri. A tambayar kai tsaye, mataimakin aikatau yana tsallakowa gaban aikau: "he is" ta juya ta zama "is he". Da zarar an cusa tambayar cikin wata jimla, sai jerin ya koma irin na jimlar bayani. "Where is he?" ta zama "Do you know where he is?" "When will she come?" ta zama "Can you tell me when she will come?" "Why has he left?" ta zama "I don't know why he has left." Ƙa'idar a taƙaice ita ce: Hausa tana sauya kalma ta bar jeri, Ingilishi yana sauya jeri ya bar kalma.

Daga nan za ku ga cewa kuskuren ƙanena ba daga Hausa ya samo shi ba. In aka bi "inda yake" kalma bayan kalma, "where he is" za a samu, wato daidai ɗin. Makaranta ce ta sa muka haddace "Where is" tamkar kalma guda tun muna aji ɗaya, har ta ƙi rabuwa a bakinmu. Maganin da na ba shi mai sauƙi ne. Na ce, ƙanena, ka fara faɗin jimlar da Hausa a zuciyarka. In "ina" ta zo maka, rubuta "where is he". In "inda" ta zo, rubuta "where he is". Haka in "yaushe" ce ko "lokacin da", in "yaya" ce ko "yadda". Bahaushe yana da ma'aunin da Bature ba shi da shi, domin harshensa yana yi masa alama a bakin ƙofar gangar.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi "do" da "does" da "did". Waɗannan kalmomi 'yan aike ne, ana kawo su don su ɗauki lokaci su tsallaka gaban aikau. In ba za a tsallaka ba, aikinsu ya ƙare, sai lokacin ya koma jikin aikatau. "Where does he live?" ta zama "Do you know where he lives?", da harafin s a ƙarshe. "When did he leave?" ta zama "Do you remember when he left?", aikatau ya koma siffarsa ta shuɗaɗɗen lokaci. Amma in korewa ce, mataimakin yana nan: "Can you tell me why he didn't come?"

Ta uku ita ce tambayar i ko a'a, inda muke amfani da "ko". Ingilishi yana da kalma biyu a wannan gurbi, "if" da "whether". "Is he alive?" ta zama "Do you know if he is alive?" ko "Do you know whether he is alive?" A magana "if" ta fi yawa, a wasiƙar hukuma "whether" ta fi dacewa. Akwai wuraren da "whether" ce kaɗai ke shiga: gaban "to", kamar "I don't know whether to wait", da bayan kalmomi irin su "about", da kuma inda "or not" ta biyo nan take, kamar "whether or not he arrived". Kada a manta da ita gaba ɗaya, domin "Do you know he is alive?" ta daina zama tambaya game da rai, ta koma kamar albishir ake yi wa mai sauraro.

Ta huɗu hutu ce. Idan kalmar tambayar ita ce aikau, da ma ba a juya komai ba, don haka babu abin da za a mayar. "Who saw him?" ta zama "Do you know who saw him?" "What happened to him?" ta zama "Can you tell me what happened to him?" Ta biyar kuwa ta alamar rubutu ce. Gangar farko ce ke da iko da ayar ƙarshe. "Do you know where he is?" tana ɗaukar ayar tambaya saboda "Do you know" tambaya ce. "I wonder where he is." da "I would like to know where he is." aya kawai suke ɗauka. Haka ma a Hausa, "Ko ka san inda yake?" da ayar tambaya, "Ina so in san inda yake." da aya. Ƙari a kan haka, ba a gajarta "he is" a ƙarshen jimla, saboda haka babu "where he's". Idan kuma labarin tambayar da aka riga aka yi ake bayarwa, lokaci yakan ja baya: "I asked them where he was."

Akwai wasu tambayoyi huɗu game da mutum da suke kama da juna a kunne, kuma sun taɓa ruɗa ƙanena a lokacin da ruɗewa ke da tsada. Wata ma'aikaciyar agaji ta rubuto masa: "Can you tell me what he looks like?" Shi kuwa ya amsa cewa mahaifinsa yana son shayi da sauraron rediyo. "What does he look like?" kamanni take nema: tsawo, launin fata, gemu, tabo. "What is he like?" hali take nema. "What does he like?" ita ce ta abin da yake so. "How is he?" lafiyarsa take tambaya. A kaikaice suna zama "what he looks like", "what he is like", "what he likes", "how he is". A Hausa ba sa rikicewa, domin kowace da kalmarta: kamanninsa, halinsa, abin da yake so, jikinsa. Muka sake amsa, muka ce dogo ne, mai furfura, da tabon lauje a hannun hagu.

Saura mabuɗan da ake fara jimlar da su, waɗanda suke hawa-hawa wajen ladabi. "Do you know" ta yau da kullum ce. "Could you tell me" ta ɗara ta. "Do you happen to know" tana sauƙaƙa wa wanda aka tambaya, kamar yadda muke cewa "ko Allah ya sa ka san". "I was wondering if you could tell me" ta fi su duka lanƙwasa, kuma abin sha'awa shi ne shuɗaɗɗen lokacin da ke cikinta ba ya nufin jiya, nesa-nesa kawai yake kawowa, irin aikin da "da ma" take yi a "Da ma tambaya nake ko kun gan shi." A yi hattara da "Would you mind telling me", domin wanda ya amsa ta da "No" yarda ya yi, cewa yake ba damuwa.

Me ya sa harsunan biyu, da ba su haɗa dangi ba, suka ɗauki wannan siffa a matsayin ladabi? In kun duba "Do you know where he is?" da kyau, za ku ga a zahiri ba a tambayi inda mutumin yake ba. Sanin mai sauraro aka tambaya. Yana iya cewa bai sani ba, ba tare da ya ji ya gaza ba. Yana iya cewa bai tabbata ba, ya je ya yi shawara. In labarin mai nauyi ne, yana iya neman hanyar da zai sauke shi a hankali. Tambayar kakana ma hanyar matafiyi ta tambaya da abin da kunnensa ya ji, ta bar ƙanensa a gefe. Ta kāre baƙon daga zama mai kawo mugun labari a tsaye, ta kuma kāre shi kansa daga jin abin da bai shirya ji ba. Al'ummar da mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa take kawaicin ɗan farinta, ba baƙuwa ba ce ga wannan dabara.

Sai dai kowane abu da muhallinsa. Wasiƙar farko da ƙanena ya tsara bayan ya koyi waɗannan mabuɗai ta cika shafi guda da gaisuwa da ban haƙuri, tambayar tana can layi na goma sha biyu. Na ce masa wanda zai karanta yana da ɗaruruwan irinta a gabansa. Zauren liman daban, teburin mai rajista daban. A wasiƙar Ingilishi mabuɗi ɗaya ya isa, tambaya ta biyo shi nan take, sannan suna da shekaru da ranar da aka rabu. Muka rage ta ta koma: "I am writing to ask whether my father is on your list. Could you tell me who I should contact in Gedaref?" A gaban likita kuwa, ko inda rai ke cikin haɗari, tambayar kai tsaye ita ce ladabi. Laifina a rumfar tela shi ne gaggawa inda ake son haƙuri, nasa kuma jan rai inda ake son gaggawa. Nahawu yana ba mutum siffofin biyu, amma sanin wadda za a ɗauka sai an karanci wuri da mutane.

Wasiƙun sun sami amsa, cikin mutunci, amma babu sunan baffa a ko ɗaya daga cikin jerin. Bayan mako bakwai, wani direban babbar mota Bahaushe da ke zirga-zirga tsakanin Kasala da Gadarif ya ɗauki saƙon da baki. A duk masallacin da ya tsaya, bayan an sallame, sai ya miƙe ya ce, "Jama'a, ko akwai wanda Allah ya sa ya ga wani dattijo daga wajen Makwar, dogo, mai tabo a hannun hagu?" A wata makaranta da aka sauke masu gudun hijira a Gadarif wani ya ce ya san shi. Ya tako da ƙafa kwanaki, an karɓe wayarsa a hanya, zazzaɓi ya kwantar da shi, amma yana da rai.

Saƙon da ƙanena ya aiko mini a daren layi ɗaya ne, da Ingilishi, ina jin don ya nuna wa malaminsa: "Yaya, now I know where he is." Na karanta shi ya fi sau goma. Kalmomi ukun ƙarshe su ne waɗanda muka sha wahalar jerawa a cikin tambayar, ba abin da ya sauya a cikinsu, mabuɗin kawai aka canza. Sojojin gwamnati sun karɓe Sinja a Nuwamban 2024, suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025, kuma baffa yana ta maganar komawa ya ga abin da ya rage na gonarsa a bakin ruwa.

Ga aikin da nake ba ɗalibaina a ƙarshen wannan darasi, ku ma ku gwada. Ku tuna wani ɗan'uwa ko tsohon malami ko abokin ƙuruciya da kuka daɗe ba ku ji ɗuriyarsa ba. Ku rubuta tambaya biyar game da shi kai tsaye da Hausa. Ku mayar da kowace a kaikaice ta hanyoyin nan biyu, ta sauya kalma da ta "ko", kuna lura da inda "sun" ta koma "suka" da inda ta ƙi komawa. Sannan ku juya su zuwa Ingilishi, ku duba jerin aikau da aikatau, ku duba ayar ƙarshe. In kun gama, ku zaɓi ɗaya daga ciki, ku nemi wanda kuke zaton ya sani, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku yi masa ita.